Yadda ake haɗa taswirar masu murar infuluwenza da mace-macenta a Jihar Kaduna

Taswirar da ake magana a kai ita ce wadda ake buɗewa a waya ko kwamfuta, a latsa mazaɓa a ga mutum nawa suka kamu, a koma baya a ga yadda makon jiya ya kasance, a kunna bayanin mace-mace ko a kashe shi. Jihar Kaduna na da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255. Jadawali mai layi 255 ba wanda zai duba shi a taron safiyar Litinin ya gane cewa Rigasa da Kawo da Tudun Wada sun tashi a lokaci guda, amma a taswira kallo ɗaya ya wadatar. Sai dai a riƙe abu guda tun daga farko: taswira tana nuna inda aka ga cutar aka rubuta ta ne, kuma sau da yawa wannan ya sha bamban da inda cutar take. Yawancin matakan da ke tafe dabaru ne na rage wannan tazara, in kuma ba ta raguwa, a nuna wa mai kallo ita ƙarara.

Wa ake ƙirgawa

Kafin a taɓa kwamfuta, dole duk cibiyoyin da za su kawo rahoto su yarda da ma'auni ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da guda biyu tun 2014. Na farko shi ne wanda ma'aikata ke kira ILI: mutum mai ciwon numfashi da ya zo farat ɗaya, an auna zafin jikinsa ya kai digiri 38 ko fiye, yana tari, kuma abin ya fara ne cikin kwana 10 da suka wuce. Na biyu shi ne SARI: zazzaɓi ko da a baki aka ba da labarinsa, da tari, cikin kwana 10, kuma ciwon ya kai a kwantar da shi a asibiti. A lura cewa na farkon sai an auna. Cibiyar da ba ta da ma'aunin zafin jiki mai aiki, ko wadda ake taɓa goshi da bayan hannu a rubuta "zazzaɓi", alƙalumanta ba za su zauna kusa da na maƙwabciyarta ba.

Waɗannan biyun zato ne kawai. Zazzaɓin cizon sauro tare da tarin ƙurar hunturu, korona, farkon ƙyanda, duk suna iya cika ma'aunin. Abin da ke tabbatar da infuluwenza shi ne gwajin PCR a kan samfurin da aka lakato daga hanci ko maƙogwaro. Najeriya ta fara sa ido kan cutar a zaɓaɓɓun asibitoci a 2008, a Abuja da Kano da Legas da Nnewi, kuma babban ɗakin gwajin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, yana Gaduwa a Abuja. Samfur na zama a sanyin digiri 2 zuwa 8 ya isa ɗakin gwaji cikin awa 72. In zai wuce haka sai a daskarar da shi a digiri 70 ƙasa da sifili. Firizar gida ba ta yin wannan aikin, tana ma lalata samfurin, musamman in wuta tana zuwa tana ɗaukewa.

Saboda haka taswirar za ta ɗauki shimfiɗu uku dabam-dabam, wato rukunan bayani da ake iya kunnawa ko kashewa: waɗanda ake zato, waɗanda gwaji ya tabbatar, da waɗanda suka rasu. Kada a tara su wuri guda da sunan "masu mura". Waɗanda aka tabbatar za su zama 'yan kaɗan, kuma za su taru a kewayen asibitocin da ke iya aika samfur. Wannan ba ya nufin sauran wurare lafiya lau suke.

Jadawalin majinyata

Aikin taswira kusan duka a jadawali yake. Mutum ɗaya, layi ɗaya. Guraben da ba a yi ba tare da su ba su ne: lambar majinyaci, shekaru, jinsi, ƙaramar hukuma da mazaɓa da unguwar da yake zaune, cibiyar da ta gan shi, ranar da ciwon ya fara, ranar da ya zo, ILI ne ko SARI, an ɗauki samfur ko ba a ɗauka ba, sakamako da nau'in ƙwayar, da kuma yadda ya ƙare: ya warke, yana kwance, ya rasu, ko an tafi da shi gida ba da yardar likita ba. A ƙara gurbin juna biyu da na ciwon da ya daɗe a jiki kamar asma, sukari, sikila ko ciwon zuciya, domin su ne ke bayyana dalilin da wasu ke jigata. Nau'o'in da ake sa ran gani a mutane yanzu su ne A(H1N1)pdm09 da A(H3N2) da B na reshen Victoria. Reshen Yamagata ba a sake tabbatar da shi a duniya ba tun Maris na 2020, don haka in ya bayyana a jadawali a koma a tambayi ɗakin gwaji kafin a ɗora shi.

Ranaku na ba da wahala fiye da yadda ake tsammani. In aka rubuta 03/04/2025, wata kwamfuta ta ɗauke shi 3 ga Afrilu, wata 4 ga Maris, sai majinyaci ya yi tsallen wata guda ba wanda ya sani. A tilasta tsari ɗaya: shekara, wata, rana, wato 2025-04-03. Kuma ranar da ciwon ya fara ita ake ɗora mutum a kai, a makon da ke farawa Litinin ya ƙare Lahadi. In aka yi amfani da ranar da rahoto ya iso, duk lokacin da wani jami'in sa ido na ƙaramar hukuma ya kawo takardun wata guda a dunƙule, taswira za ta nuna ɓarkewar da ba a yi ba.

Sai maimaici. Yaro ya je cibiyar lafiya ta mazaɓa ranar Talata, aka tura shi babban asibiti ranar Laraba, daga can aka wuce da shi Asibitin Koyarwa na Barau Dikko. Rajista uku, yaro ɗaya. In ba lamba guda ce ke bin sa ba, an ƙirga shi sau uku, kuma ƙila a mazaɓu uku. Kowane mako a jera jadawalin bisa shekaru da jinsi da mazaɓa da ranar fara ciwo, a duba layukan da suka yi kama, a haɗe su, a bar sakamakon ƙarshe. Suna ba abin dogaro ba ne a nan: Muhammad, Muhammadu, Mamman da Moh'd na iya zama mutum ɗaya, su kuma Aisha Abubakar biyar a mako guda na iya zama mata biyar.

In jihar na shigar da bayanai a SORMAS, manhajar sa ido kan cututtuka, a fitar da jadawalin daga can maimakon a buɗe sabo. In za a tattara da waya, fom na manhajar KoboCollect ko ODK ya fi takarda, saboda ana iya hana shi karɓar ranar da ba ta zo ba ko shekaru 300.

Inda mutum yake kwana

Nan ne taswirori da yawa ke ɓata. Mutum ana ɗora shi a mazaɓar da yake zaune, ba a mazaɓar asibitin da ya je ba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana Shika, a Ƙaramar Hukumar Giwa. In aka bi adireshin asibiti, Giwa za ta yi jawur kowane mako alhali marasa lafiyar daga birnin Zariya da Sabon Gari da Kudan suke, wasu ma daga Katsina ko Kano. Haka alƙaluman wata-wata na DHIS2, manhajar tattara rahoton cibiyoyin lafiya, suke: an tara su ne bisa cibiya, don haka taswirar da aka zana da su ta nauyin da ke kan asibitoci ce. Tana da amfaninta wajen raba magani da iskar oksijin, amma a rubuta mata sunanta na gaskiya. Waɗanda suka zo daga wata jiha a ware musu rukuni nasu, a nuna adadinsu a gefe, a kuma sanar da jiharsu.

Infuluwenza na bayyana ne kwana 1 zuwa 4 bayan an ɗauke ta. Don haka tambayar da ta fi "ina ne garinku?" amfani ita ce "a ina ya kwana a makon da ya wuce kafin ciwon ya fara?" Ɗalibar makarantar kwana, almajiri a tsangaya, soja a bariki, makiyayi a ruga, wanda rikici ya raba da ƙauyensu yana zaune wurin dangi a Kaduna, duk inda suke kwana yanzu ake rubutawa. A sa gurbi na musamman don irin waɗannan wuraren taruwa. Mutum 12 a mazaɓa guda ba abin tashin hankali ba ne, amma 12 daga ɗakin kwana ɗaya na makaranta ya isa a aika tawaga a ranar.

Kada a bar ma'aikaci ya rubuta sunan mazaɓa da hannu. Akwai Tudun Wada a Kaduna ta Kudu, akwai Tudun Wada a Zariya. Sabon Gari ƙaramar hukuma ce, kuma sunan unguwa ne a garuruwa da dama. Unguwar Rimi za ta zo a matsayin Unguwan Rimi, Ungwan Rimi, U/Rimi, kuma kwamfuta na ganin kowanne a matsayin wuri dabam. Jema'a ma waƙafin da ke cikin sunan ya isa ya hana haɗuwa. Mafita ita ce jerin zaɓi mai hawa-hawa: a zaɓi ƙaramar hukuma, sai mazaɓunta kaɗai su fito, kuma abin da fom ke ajiyewa lambar mazaɓa ce.

In za a ɗauki lambobin wuri da GPS na waya, a tsaya a fili, a jira har kuskuren ya sauka ƙasa da mita 10. Duk jihar tana tsakanin latitud 9 da 11.6 a arewa, longitud 6 da 9 a gabas, don haka a sa fom ya ƙi duk abin da ya fita daga nan. Birnin Kaduna yana wajen 10.52 da 7.44. In aka juya su, majinyacin Kawo zai faɗa Jihar Taraba. In kuma aka cike gurbin da babu komai da sifili, ɗigon zai sauka cikin teku kudu da Ghana. Lamba huɗu bayan ɗigo na nuna wuri da tazarar kimanin mita 11, wato ƙofar gidan mutum ke nan. Lamba biyu kimanin kilomita ɗaya. Wani kuskuren da aka saba gani shi ne a ɗauki GPS a teburin asibiti lokacin cike fom, sai ɗigo 200 su hau kan juna. Ga infuluwenza ta yau da kullum, ra'ayinmu shi ne lambar mazaɓa da sunan unguwa sun isa. A bar GPS ga binciken taron masu ciwo a wuri guda da kuma gonakin kaji.

Iyakoki da yawan jama'a

Ana buƙatar fayil ɗin iyakokin mazaɓu da na ƙananan hukumomi. Shirin GRID3 na Najeriya na bayar da iyakokin mazaɓu, wuraren cibiyoyin lafiya, matsugunai da ƙiyasin yawan jama'a kyauta. A sauke su, a buɗe, a ƙirga ko mazaɓu 255 ne, a gwada sunayensu da na jerin da sashen lafiya ke aiki da shi, domin ba kullum suke daidaita ba. A yi jadawali ɗaya mai haɗa sunan da ke kowane ɓangare da lamba guda, a adana shi. Wannan aikin kwanaki ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya: a gama shi kafin hunturu ya shigo.

Ɗanyen adadi ba a fenta taswira da shi. A ɗauka mazaɓa mai mutum 120,000 ta samu 24, wata mai mutum 15,000 ta samu 6. Ta farko 20 ke nan cikin kowane 100,000, ta biyu 40. Ido zai tafi kan 24, alhali ƙaramar ce ta fi jin jiki. Lissafin shi ne adadin majinyata sau 100,000 a raba da yawan jama'ar mazaɓar.

Matsalar ita ce yawan jama'ar. Ƙidayar ƙarshe ta 2006 ce, wadda ta ba jihar mutum 6,113,503, kuma duk abin da ake amfani da shi yanzu hasashe ne. Hasashen da ke ƙara kaso iri ɗaya ga kowace mazaɓa bai san yadda Rigasa da gefen Chikun suka cika suka batse ba, bai kuma san ƙauyukan Birnin Gwari da mutane suka bari ba. A zaɓi tushe ɗaya, ko hasashen hukumar ƙidaya ko ƙiyasin GRID3, a tsaya a kansa duk shekara, a rubuta sunansa da shekararsa a ƙasan taswira. Sauya tushe a tsakiyar shekara na sa wasu mazaɓu su sauya launi ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙaru ba.

Akwai ma'auni na biyu da bai dogara da ƙidaya ba: cikin duk waɗanda cibiya ta duba a mako, kashi nawa ne ILI. In an duba 300 aka samu 18, kashi 6 ke nan cikin 100. Wannan ya fi jure yajin aiki, hutun sallah ko ƙarewar magani, lokutan da zuwa asibiti ke raguwa gaba ɗaya. A nuna shi da da'ira a kan kowace cibiya.

Haɗawa da zaɓen launi

QGIS, manhajar zana taswira, kyauta ce kuma tana aiki ba intanet. A fara taƙaita jadawalin a Excel: layi ɗaya ga kowace mazaɓa, da adadin ILI, SARI, waɗanda aka tabbatar da waɗanda suka rasu a makonni huɗu na baya-bayan nan. Ba suna, ba lambar waya, ba adireshi. A ajiye shi a matsayin fayil ɗin CSV mai tsarin haruffa na UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su koma alamun tambaya. A jawo shi cikin QGIS tare da fayil ɗin iyaka, a haɗa su ta lambar mazaɓa. In lambar na farawa da sifili, Excel na cinye shi, 0105 ta koma 105, haɗin ya ƙi. A mayar da gurbin na rubutu tun kafin a shigar da lambobin. Bayan haɗawa a tara adadin da ke kan taswira a gwada da na jadawali. In jadawali ya ce 412 taswira ta ce 389, akwai mutum 23 da lambar mazaɓarsu ba ta samu abokiya ba, kuma sai an nemo su. Gurbin da za a yi lissafin kaso a ciki a ba shi damar ɗaukar lamba mai ɗigo, don kada 0.4 ta koma 0.

Mazaɓar da ba ta da layi a jadawali za ta fito babu komai a gurbinta. Kada a bi duka a cike da sifili. Cibiyar da ta aiko rahoto ta ce ba ta ga kowa ba, wannan sifili ne na gaske. Wadda ba ta aiko ba, ko an rufe ta saboda rashin tsaro, ba a san halin da take ciki ba. Ta farko ta samu launi mafi haske, ta biyu ruwan toka ko zane-zanen layi, da rubutu a jagorar launi cewa "ba rahoto". Wannan bambanci shi ne mafi muhimmanci a duk taswirar, domin wuraren da rahoto ba ya fitowa galibi su ne wuraren da ciwo ya fi kisa. Yana da kyau a ƙara shimfiɗa ta huɗu mai nuna kashi nawa na cibiyoyin kowace ƙaramar hukuma suka aiko rahoto a kan lokaci; abin da ake nema shi ne aƙalla kashi 80.

Launi aji biyar ya isa, kuma a yi amfani da launi ɗaya daga haske zuwa duhu. Ja da kore tare na rikita masu matsalar bambance launi, kuma kore na ce wa mai kallo "lafiya" a inda ba a tabbatar ba. Iyakokin ajin a kafa su da hannu, misali 0, ƙasa da 5, 5 zuwa 10, 10 zuwa 20, sama da 20, a bar su haka kowane mako. In aka bar manhaja ta raba da kanta, za ta sake rabawa duk mako, kuma ko a makon da cutar ta lafa sai ta nemo wata mazaɓa ta yi mata launi mafi duhu. A kuma tuna girman ƙasa na yaudarar ido: Birnin Gwari ta cika kusurwar taswira, Kaduna ta Arewa kuwa ɗan tsito ce ga ɗimbin jama'a. A sa maɓallin da ke kai mai kallo kai tsaye cikin birnin Kaduna da Zariya da Kafanchan.

Fitar da ita a waya

Ƙarin manhajar qgis2web na mayar da aikin QGIS shafin intanet na Leaflet, mai akwatin bayani da ke buɗewa in an latsa mazaɓa, da wurin kunna shimfiɗu da kashe su. Akwatin ya ɗauki abu kaɗan: sunan mazaɓa da ƙaramar hukuma, adadi, kaso cikin 100,000, yawan jama'ar da aka yi lissafi da shi, da cibiyoyi nawa suka aiko rahoto cikin nawa.

Nauyi ne ke kashe irin wannan taswira. Fayil ɗin iyaka na asali na iya kai megabait da yawa, kuma jami'in da ke Kauru ko Sanga da sabis mai rauni zai rufe shafin kafin ya buɗe. A sauƙaƙa layukan iyaka da manhajar mapshaper, wadda ke kiyaye iyakar da maƙwabta suka yi tarayya a kai, a rage lambobin bayan ɗigo zuwa huɗu, a yi ƙoƙarin duk shafin ya tsaya wajen megabait ɗaya ko biyu. Don nuna mako-mako, kada a maimaita zanen kowace mazaɓa sau 52, domin hakan zane 13,260 ne. A yi amfani da ɗigon tsakiyar kowace mazaɓa, girman da'irar ya bi adadi, a ɗora lambar mako a kan sandar da ake ja. A gwada a ƙaramar wayar Android da datar waya, a wajen ofis. Kwafin da ba shi da hoton tituna a ƙasa na buɗewa daga filas ko ba intanet.

Duk abin da ke cikin jadawalin shimfiɗa na iya tafiya cikin fayil ɗin da wayar mai kallo ke saukewa, ko da akwatin bayani bai nuna shi ba. Wanda ya san hanya zai buɗe ya karanta. Shi ya sa ake taƙaitawa kafin a shiga QGIS. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta sirrin majinyaci, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman. A yi taswira biyu: ta ma'aikata mai kalmar sirri, ta jama'a kuma wadda ba ɗigon gida a cikinta, kuma duk adadin da bai kai 5 ba a rubuta "ƙasa da 5".

Mace-mace

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa infuluwenza na kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 a shekara ta hanyar ciwon numfashi. Wannan adadin da lissafi aka fitar da shi, domin ko a ƙasashen da ke rajistar kowace mutuwa, kaɗan ne ake rubuta infuluwenza a takardarsu. Tsoho ya kamu, bayan mako ciwon haƙarƙari ya biyo baya ko zuciya ta gaza, a lokacin ƙwayar ta bar jiki. A Kaduna ga ƙarin dalili: wanda ya rasu da safe ana iya yi masa sutura kafin azahar, yawanci a gida, ba samfur, ba takarda. Saboda haka take na gaskiya ga wannan shimfiɗa shi ne "mace-macen da aka kawo rahotonsu", a raba su biyu: wanda gwaji ya tabbatar, da wanda ya rasu da SARI ba a gwada ba.

Gurbin "an tafi da shi gida" a bi shi da kiran waya bayan mako guda. Iyalai kan ɗauke mara lafiya ne in sun ga abin ya yi nisa ko kuɗi ya ƙare, kuma in ba a bi ba, jadawali zai bar shi cikin rayayyu. Masu unguwanni, limamai, fastoci da masu kula da maƙabartu na iya ba da adadin jana'iza na mako. Ba za su faɗi sanadi ba, amma in adadin ya ninka abin da aka saba, ya isa a je a tambaya. In za a tambayi iyali yadda ciwon ya kasance, a bari a share makoki, a je da wanda suka sani, a yi ta'aziyya kafin a fito da fom.

Kason mutuwa a ƙananan lambobi ba ya tsayuwa. Mutum 3 cikin SARI 40 kashi 7.5 ne, mutum 1 cikin 2 kashi 50 ne, kuma ba ya nufin komai. Kada a fenta mazaɓu da shi. A nuna mace-mace da da'ira, a matakin ƙaramar hukuma, a tara na wata guda ko fiye. A taswirar jama'a wannan ya zama tilas, tunda a ƙauye in aka ce mace ɗaya 'yar shekara 30 ta rasu a makon nan, kowa ya san gidan. Mutuwa kuma na biyo bayan kamuwa da mako ɗaya zuwa uku, don haka raguwar masu kamuwa tare da ƙaruwar mace-mace ba saɓani ba ne.

Shimfiɗar kaji

A Fabrairu na 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye ta H5N1 a wata gonar kaji a Jaji, Ƙaramar Hukumar Igabi, karo na farko a nahiyar Afirka. A farkon 2007 aka tabbatar da ita a jikin wata mata da ta rasu a Legas. Jihar da ke da wannan tarihi bai kamata taswirarta ta rasa gonakin kaji da kasuwannin da ake sayar da su da rai ake figewa ba. Bayanin na hannun likitocin dabbobi, kuma cibiyar bincike ta Vom a Jihar Filato ce ke tabbatar da samfurin tsuntsaye. In an tabbatar a gona, a zana da'irar kilomita 3 da ta 10 a kewayenta, ko faɗin da likitocin dabbobi suka tsayar, a duba ko akwai SARI a ciki, a kuma bibiyi ma'aikatan gonar kwana 10 daga ranar da suka taɓa kajin na ƙarshe. Kafin zana da'irar a mayar da shimfiɗar tsarin awon wuri na UTM yanki 32N, lamba 32632, wanda ke awo da mita. In aka bar ta a 4326 mai awo da digiri aka rubuta 3, da'irar za ta fita sama da kilomita 330, ta haɗiye Kano da Abuja. Mutum ɗaya da ake zaton ya ɗauka daga kaji ba ya jiran taswirar mako: a kira jami'in sa ido na ƙaramar hukuma nan take.

Tafiyar mako

A tsayar da rana: rahoto ya rufe Talata, a tace a haɗa Laraba, a ɗora sabuwar taswira Alhamis, da ranar sabuntawa a rubuce a samanta. Makonni biyu na ƙarshe kullum ba su cika ba, saboda rahoto da sakamakon gwaji na makara, don haka a dusashe launinsu a rubuta "bai kammala ba", in ba haka ba kowane mako za a ga kamar cutar na sauka.

Infuluwenza a Najeriya na yawo duk shekara, ba ta da lokaci ɗaya tsayayye irin na Turai, don haka ba a aro ma'aunin faɗakarwa daga waje. Sai an tara bayanan aƙalla shekara uku kafin a iya cewa wannan mako ya wuce abin da aka saba. Kafin nan a gwada kowace ƙaramar hukuma da matsakaicin makonninta huɗu na baya. In mazaɓa ta yi duhu kwatsam, a kira cibiyar kafin a kira 'yan jarida. A tambaya: an kawo sabon ma'aikaci ne mai ƙwazon cike fom? An fara ba da magani kyauta? An rufe cibiyar maƙwabta mutane suka dawo nan? In duk amsar a'a ce, a ɗauki samfur daga mutum 5 zuwa 10 waɗanda ciwonsu bai wuce kwana uku ko huɗu da farawa ba, a duba kayan oksijin na asibitin da ya fi kusa, a kuma tuna wa likitoci cewa maganin oseltamivir ya fi aiki in an fara shi cikin awa 48, musamman ga masu juna biyu, ƙananan yara, tsofaffi da masu ciwon da ya daɗe. Jadawalin kowane mako a ajiye kwafinsa da kwanan wata a sunan fayil ɗin, kada a rubuta sabo a kan tsoho. Da waɗannan kwafin ake gane kwana nawa rahoton kowace ƙaramar hukuma ke makara, kuma aƙalla mutum biyu a ofis su iya aikin daga farko har ƙarshe, da matakan a rubuce, saboda ranar da aka yi wa ɗaya canjin wurin aiki.